Hayaƙin Gidan Sarkin Fawa

Ke Suwaiba, rufe min baki haka. Wai ana gashi ba nama? Tambayar da kika riƙe ke nan tun la'asar, kina ta bina da waya a hannu daga madafi zuwa bakin rijiya? Shekara nawa ana kai ki makaranta, ana ɗinka miki hijabi, ashe abin da kika kwaso ke nan. Wata mata a cikin waya ta soke tattasai a tsinke ta yi murmushi, ke kuma hankalinki ya tashi. Ni ban taɓa zama a aji ba, ko sunana aka rubuta a bango wuce shi zan yi ban gaishe shi ba, amma na san abin da ake ɗorawa a garwashi da abin da ake zubawa a tukunya. Kife wayar nan a tabarma. Ku ma sauran ku matso, tunda ta jawo muku. An taɓa yin irin wannan gashin a garinmu sau ɗaya, kuma har yau ba wanda ya ce a maimaita.

Akwai wata mata ana ce mata Yalwa, matar marigayi Sarkin Fawa. Doguwa ce, ba ta da yawan dariya, in ta kalle ka sau ɗaya sai ka tuna laifin da ka yi bara. Mijinta yana da tukubarsa ta sana'a a kasuwa, inda yake kafa tsire a kewaye da wuta yana sayarwa. Amma akwai wata tukubar a ƙofar gida, wadda ba a hura mata wuta sai in gidan ya yi yanka na kansa, ko suna, ko biki, ko wani ya dawo daga doguwar tafiya. A kan wannan ba a taɓa sayar da ko tsinke ɗaya ba. Kuma tana da yajinta daban, Yalwa ce ke daka shi da hannunta. Ƙuli-ƙuli ne da citta da kanumfari da masoro da kimba da barkono, sai wani abu guda da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba, har 'ya'yan da ta haifa. In yajin nan ya ɗiga a garwashi, daga masallacin Juma'a har bakin rafi ba hancin da ba zai gane shi ba.

Don haka gidan ba ya raba goron gayyata. Hayaƙi ne ɗan aikensu. Ka ji ƙamshin, ka ɗauki kwanonka ka taho. Kuma kowa ya san rabonsa tun kafin a haife ku. Wuya na mahaucin da ya yi fiɗa. Karfata ta wanzamin gidan. Kai da ƙafafu na ungozomar da ta yanke wa 'ya'yan gidan cibiya. Hanta ta liman. Sauran a gasa a bi kwanuka, ba kwanon da ke shigowa ya fita wayam. Da Sarkin Fawa ya rasu, Yalwa ba ta bar wannan ba. Ba ta da gona mai yawa, ba ta da zinare a kunne. Abin da take taƙama da shi a duniya guda ne, kuma takan faɗe shi a gaban kowa: hayaƙin gidan nan bai taɓa yi wa hancin kowa ƙarya ba.

To tana da ɗanta na ƙarshe, Ziya'u, kowa Auta yake ce masa. A birni yake aiki, can kuma wai Injiniya suke kiransa. Wata rana ya yanke jiki ya faɗi a wurin aiki, aka kwashe shi sai asibiti. Hawan jini, da kitse da aka ce ya cika masa jijiya. Ya yi wata guda da 'yan kwanaki a kwance, sannan ya shafe watanni yana jinya a can birni. Yalwa ba ta yi kuka a gaban mutane ba. Kasuwa ta aika aka sayo mata ɗan rago fari mai baƙin kunne, ta kafa masa turke a bayan zaure, daidai hanyar shiga cikin gida, ta ce ranar da Auta ya tako gidan nan da ƙafarsa, ranar wannan zai sha wuƙa.

Wata takwas tana kiwon ragon nan. Dusa da kanwa da safe, harawa da rana, ƙowar wake da yamma. Ya yi ƙiba har in ya kwanta sai ya yi shawara kafin ya tashi. Gari kuwa kowa ya san shi. Cindo wanzami in ya zo wucewa da zabirarsa sai ya leƙo zaure ya ce, "Uwar gida, karfatata tana nan lafiya?" Ta ce, "Tana gaishe ka." Tabawa ungozoma, tsohuwa ce tukuf, ba haƙori ko ɗaya a bakinta, ita kuma sai ta shigo ta shafa kan ragon ta ce kada a bar shi yana tunkuyin bango, yana ɓata mata kaya. Nomau mahauci, wanda ya koyi fawa a hannun marigayi har shi ma ya yi furfura, shi kuwa tsayawa yake yi a gindin turke. Kallon wuyan kawai yake yi ya gyaɗa kai.

Ran wata Juma'a sai ga Auta. Ya rame, riga tana yawo a jikinsa, amma da ƙafarsa ya shigo. Yalwa ta dube shi daga sama har ƙasa, ta ce, "Ka iso." Iyakar abin da ta ce ke nan, ta shiga ɗaki ta daɗe ba ta fito ba.

Da ta fito sai ta tarar ana ta sauke kaya daga mota. Wani ƙarfe baƙi mai murfi da ƙafafun taya, kamar an yanke ganga biyu an ɗora ta a kan keke. Kuloli uku. Buhun gawayi. Ledoji cike da kayan miya.

Ta ce, "Na aika wa Nomau. Gobe da hantsi zai zo da wuƙaƙensa."

Auta ya ce, "Ai Inna maganar da nake so mu yi ke nan. Ba za a yi yanka ba."

Ta ce, "Ban ji ba."

Ya ce, "Likita ya hana ni jan nama. Kuma da na kwanta na yi tunani, Inna. Mutanen garin nan duk hanyar da na bi suke bi, kitse da gishiri, kitse da gishiri. Gobe zan yi musu gashi irin na lafiya, a fili, kowa ya gani da idonsa, ya ci, ya koya. Ba nama a ciki ko ƙwaya."

Ta ce, "Kai aka hana, ko garin?"

Ya ce, "Rigakafi ne, Inna."

Ta ce, "Ubanka nama ya ci safe da yamma har ya haura tamanin. Abin da ya kai shi kabari faɗowa ce daga kan rumbu. Da likitanka rumbu ya hana, da na ce ya san aikinsa."

Auta ya yi dariya, irin dariyar nan ta 'yan boko in suna ganin tsohuwa ba ta gane ba. Ya ce abu ɗaya yake roƙo, ta ba shi yajin Baba.

Nan ne Yalwa ta yi kuskurenta, kuma ita ma ta sani. Ta ce masa yajin nan ba ya fita shi kaɗai ba nama. Amma ta dubi wuyansa da ya zama kamar na zalɓe, ta tuna wata takwas da ta yi tana tashi sallar dare saboda shi. Ta shiga ɗaki ta ɗauko gwangwanin. Ta ce da sharaɗi, a bayan ɗaki zai yi abinsa, inda iska ba ta fita, ya ci shi da wanda ya ga zai iya. Ya ce to.

To ɗin ɗan birni. Washegari tana cikin wankan safe ya tura ƙarfensa har ƙofar gida, ya girke shi a kan tsohuwar tukubar ubansa, wai irin wannan gashin a waje ake yinsa, a sha iska. Ya ɗaura wani zane a ƙirji kamar mai tuyar ƙosai. Ya jera kayansa a tebur.

Ku tsaya in lissafa muku, don ku san abin da ɗan Sarkin Fawa ya ɗora a wuta. Yalo, an tsaga shi biyu an tsattsaga masa ciki. Tattasai ja da kore. Albasa. Kabewa an yanka ta fale-fale. Awara an yanka ta ƙanana an jiƙa ta da lemon tsami da tafarnuwa. Dankali. Masara. Abarba, wadda Allah ya riga ya nunar da ita, ba ta nemi taimakon kowa ba. Da kuɓewa. Kuɓewa sukutum, da kanta da gindinta, an soke ta a tsinke kamar ta yi laifi.

Ba na ce masara da dankali ba sa gasuwa ba. Mun gasa su a gona muna korar tsuntsaye, mun ci mun sha ruwa mun gode Allah. Amma ba wanda ya taɓa sa babbar riga saboda gasasshen dankali.

Ya shafe su da man gyaɗa, ya ɗebi yajin Sarkin Fawa ya barbaɗa, ya ɗora a kan garwashi, ya kama fifita. Iska kuwa ranar gabas take yi, kai tsaye cikin gari.

Yalwa tana shafa mai ta ji ƙamshin. Ta tsaya cak da hannu a sama. Ta san an gama.

Ana sallame azahar mutane suka fara tahowa. Maza da rigunan Juma'a da ba su riga sun cire guga ba, mata da lulluɓi, kowa da kwano a hannu. Cindo ya zo da tire mai faɗi, wanda ya auna da karfatar ragon da ido tun wata uku da suka wuce. Tabawa ta zo da tukunya a ka, ta bar ruwa a kan murhu a gida, ta riga ta sayi daddawa. Liman ya taho a hankali da carbinsa. Nomau yana gefe a jikin katanga tun hantsi, da wuƙaƙe naɗe a tsumma. An ce masa ya koma gida, bai koma ba.

Auta da ya ga jama'a sai murna ta kama shi. Shi a zatonsa ilimi suka zo nema. Ya gyara murya ya fara bayani, wai kitse yana toshe jijiyar mutum kamar yadda laka ke toshe magudanar ruwa da damina, wai yalo yana wanke jini, wai awara tana ba da ƙarfin da nama ke bayarwa ba tare da cutarsa ba. Mutane suna cewa haka ne, haka ne, amma ba mai kallonsa. Idonsu yana yawo. Inda aka yi yanka ana ganin fata a shanye, ana ganin ƙasa a jiƙe, ana ganin ungulu a kan katanga. Suka duba katanga. Ko ɗaya babu.

Yana tsakiyar maganar jijiya, sai ragon ya yi kuka daga bayan zaure. Kuka mai ƙarfi, na mai cikakkiyar lafiya.

Kowa ya juya wajen zaure.

Cindo ne ya fara matsowa. Ya ce, "Auta, sannu da jiki. Allah ya ƙara sauƙi. Karfatar fa?"

Auta ya ce, "Baba Cindo, yau abin da ya fi karfata na tanadar maka." Ya ɗauko kabewa uku da tsinken kuɓewa biyu ya jera masa a tsakiyar tiren nan mai faɗi.

Cindo ya dubi tire, ya dubi Auta. Ya ce, "Ni na yi maka askin suna. Ni na cire maka belu. Shekara goma sha biyar ina aske kan nan naka, ka taɓa tashi da rabin aski?"

Auta ya ce, "Ka ɗanɗana dai, Baba. Za ka gode min."

Ya ce, "Na gode tun yanzu."

Tabawa ta sauke tukunyarta. Ta ce, "Ɗan nan, yi maza ka ba ni kayana, na bar ruwa a wuta."

Ya ce, "Iya, ke na fi tunawa. Ga awara, da laushi, ba ta buƙatar haƙori."

Ta ce, "Shekara ashirin rabona da haƙori, ka ji kan rago ya taɓa kai ƙarata? Dasashina ya san aikinsa."

Ya zuba mata awara guda shida a cikin tukunyar da aka kawo don kai da ƙafafu. Suka faɗa ƙasan tukunya, ana jin ƙararsu ɗaya bayan ɗaya.

To ga inda abin yake. Mutumin garinmu ba ya mayar da kyauta, rashin kunya ne. Ba ya zubar da abinci a ƙasa, alhaki ne. Kuma ba zai tsaya a bainar jama'a da babbar riga yana gwaguyar kuɓewa a tsinke ba, yana da surukai a wurin. Sai kowa ya karɓa da hannu biyu ya ce Allah ya yi albarka, ya tsaya riƙe da kwano yana kallon na kusa da shi.

Cindo ne ya samo mafita. Ya ce, "Bari in shiga in gaida uwar gida." Ya shige zaure. Ga rago a turke, ga daron dusarsa a gabansa. Ya waiga, ya zare tsinke, ya juye tiren a daro. Ya ɗaga murya ya ce, "Uwar gida, barka da taro," ya fito yana share baki da hannun riga.

Auta ya ga tire wayam. Ya ce, "Ban faɗa maka ba? Kawo in ƙara maka."

Sau uku Cindo yana shiga gaida uwar gida. Kafin wani lokaci gari duk ya tuna da zumunci. Wanda rabonsa da gaida Yalwa tun rasuwar mijinta, ranar ya shiga sau biyu. Ana shiga da kwano cike, ana fitowa da shi a wanke. Auta yana ta fifita, gumi yana zuba, yana cewa ashe mutanen karkara sun fi na birni saurin ganewa. Rago kuwa ya ci kabewa, ya ci dankali, ya ci masara, ya ci awara. Yaji ya shiga masa hanci ya yi atishawa ya ci gaba. Abarbar nan har lumshe ido yake yi.

Yalwa tana zaune a kan 'yar kujerarta a ƙofar ɗaki, tana ganin komai ta tsakanin zana. Tana amsa gaisuwa, lafiya lau, madalla, a gaida gida. Fuskarta ba ta nuna komai ba. Sai wasu mata biyu suka shigo, suka juye nasu a daro, ba su san tana jin su ba.

Ɗaya ta ce, "An ce ragon nan birni za a tafi da shi."

Ɗayar ta ce, "Ai Sarki ya tafi da gidansa kabari. Dubi yadda aka tara mu. Ashe hayaƙin gidan nan ma ya koyi ƙarya."

Yalwa ta ji maganar nan har cikin ƙashinta. Shekara arba'in da wani abu tana daka yajin nan, hannunta ya yi kanta a kan taɓarya, yau ga abin da za a tafi da shi gidaje. Kuma ta san garinmu. Kafin magariba magana ta kai bakin rafi, kafin sati ta zama waƙar 'yan mata a dandali, bayan ta mutu ma in an ga hayaƙi ba abinci sai a ce irin na Yalwa. Ba ta yi kuka ba, ba ta yi faɗa ba. Ta tashi ta gyara ɗaurin zane, ta je bakin zaure ta ce a kira mata Nomau.

Ya shigo da tsummansa a hammata. Cindo da Tabawa suka biyo shi, liman yana bayansu.

Ta ce, "Nomau, duba min dabbar nan. Kamar cikinsa ya kumbura."

Nomau ya tsuguna. Ragon yana kwance yana tuƙa, hankalinsa kwance, ga ɗan ɓawon kabewa a gefen bakinsa. Nomau ya danna cikin da yatsa biyu. Ya ɗaga kai ya dubi Yalwa. Yalwa ta dube shi, irin kallon nan nata.

Ya ce, "Uwar gida, ya ci abin da bai saba ba. In ya kai la'asar, ni dai ba na ɗaukar alhakinsa."

Cindo ya ce, "Tun shigowata ta biyu na ga idonsa ya fara juyawa."

Tabawa ta ce, "Numfashin nan ba na mai kwana ba ne. Na sha gani."

Yalwa ta ce, "Malam, ka ji. A bar shi ya zama mushe?"

Liman ya ce shi ba mahauci ba ne, amma in mai sana'a ya faɗa, to asarar dukiya ba ta da kyau. Ya naɗe hannun riga ya karɓi wuƙa.

Kada ku tambaye ni ko ya kumbura ko bai kumbura ba. Ragon da ya ci rabon mutum arba'in, in cikinsa bai tashi ba ai ba rago ba ne.

Auta yana waje bai san abin da ake ciki ba. Ya ɗora zubi na huɗu, yana juya yalo, yana yi wa wasu tsofaffi biyu da ba sa ji sosai bayanin amfanin tafarnuwa. Sai ya lura mutane suna shiga gaisuwa ba sa fitowa. Ya ɗaga kai ya ga ungulu ta sauka a kan katanga. Wata ta biyo ta. Ya ajiye mafici ya shiga.

Ya tarar fata ta riga ta fita. Nomau yana tsugune yana aiki kamar an mayar masa da ƙuruciyarsa, wuya yana gefensa a kan ganye. Cindo ya rungume tirensa, karfata ta cika shi daga baki zuwa baki. Tabawa ta ɗora tukunya a ka tana neman hanya, ƙahon rago ya leƙo ta sama. Mutane sun yi layi da kwanukansu. A gindin turke kuwa ga daron dusa, an lashe shi tas, ga tsinkayensa a tare a gefe, sun yi tsibi kamar za a saƙa tsintsiya.

Ya tsaya yana kallon tsinkayen nan. Ya daɗe. Ko ba a faɗa masa ba ya gane inda gaisuwar take zuwa.

Yalwa ba ta dube shi ba. Ta ce wa maza biyu su je su share ganyen da ke kan ƙarfen nan na waje, su ƙara gawayi. Ta ce, "Ƙarfen dai ba laifi, yana riƙe wuta." Ta karɓe gwangwanin yajinta daga hannun Auta ta miƙa wa Nomau. Ba a jima ba hayaƙi ya sake tashi daga ƙofar gida, wannan karon da kitse yana ɗiga a garwashi, har waɗanda suka riga suka tafi gida da fushi suka juyo. Matan nan biyu suna cikin layi. Da ta zo kansu ta cika musu kwano fiye da na kowa, ta ce, "A kai gida, a faɗa musu daga ina ya fito." Ba wadda ta iya ɗaga ido.

Ta ware faranti guda, ta zuba masara biyu da awara da tsinken kuɓewa, ta tura wa Auta. Ta ce, "Ga naka. Kai likita ya hana, kuma ban yi kiwon wata takwas don in mayar da kai asibiti ba."

To ku fara naɗe tabarmar nan. Ke Suwaiba ɗauki wayarki, kai kuma tashi ka daina gyangyaɗi a kafaɗar ɗan'uwanka. Daga abin da zan faɗa yanzu sai kwanciya, kada in ji tarin kowa.

Auta ya riƙe farantinsa, ga zanen tuya a ƙirji, ga toka a gira. Ya ce, "Inna, tun daga birni na kwaso kayan nan. Kwana biyu ina zaɓe, tun asuba nake yanka. Don mutanen garin nan su ci abin da zai gyara musu jiki na yi. Ga shi ko mutum ɗaya bai sa a baki ba."

Yalwa tana yankar cinya, ba ta ko ɗaga kai ba. Ta ce, "Wa ya ce ba za su ci ba? Duk yana cikin ragon. Ni hanya kawai na sake masa."